Kalmar "denounce": daga ina ta fito, kuma me ya sa "Allah wadai" ba ya isarta kullum?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aikin fassarar labarai daga Turanci zuwa Hausa a wani gidan rediyo. Tun da na fara, duk inda na ci karo da *denounce* sai in rubuta "ya yi Allah wadai" ko "ya yi tir". Kwanan baya ina fassara wani sharhi da ya waiwayi yarjejeniyar soja tsakanin Nijar da Amurka, na ga kalmar, na rubuta cewa Nijar ta yi Allah wadai da yarjejeniyar. Editanmu ya ja layi a kai, ya rubuta "ta soke yarjejeniyar". Wa ke da gaskiya tsakaninmu? Kuma mene ne asalin kalmar, ko akasin *announce* ce?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Editanki ne da gaskiya a wannan gaɓar, amma abin da kika rubuta ba daga sama ya faɗo ba. Shi ne ma'anar kalmar a mafi yawan labaran da za ki fassara. Sai dai kalmar tana da wasu fuskokin, kuma labarin da kika kawo yana ɗauke da biyu daga cikinsu a wuri guda.

A ranar 16 ga Maris 2024, kakakin gwamnatin sojan Nijar, Kanar Amadou Abdramane, ya karanta sanarwa a gidan talabijin na ƙasa, da Faransanci. Ya yi amfani da *dénoncer*, wadda ita ce 'yar'uwar *denounce* uwa ɗaya uba ɗaya, a kan abubuwa biyu dabam. Da farko ya ɗora ta a kan halin raini da barazana da ya ce shugabar tawagar Amurka ta nuna wa gwamnatinsu. Nan kam "tir" ne, babu ja. Daga baya ya ɗora ta a kan yarjejeniyar da ta ba sojojin Amurka damar zama a ƙasar, ya ƙara da cewa nan take. Wannan ba tir ba ne, sanarwar fita ce. Bayan watanni kaɗan Amurka ta miƙa sansaninta na Agadas, ta kwashe sojojinta kusan dubu. Allah wadai, komai ƙarfinsa, ba ya tashin sansanin soja.

To, yaya aka yi kalma ɗaya ta ɗauki kayan nan biyu? Sai mun koma Rum.

A Latin akwai kalmar *nuntius*, wato ɗan aike, mai kawo labari. Daga gare ta aka samu *nuntiare*, isar da saƙo. In aka ɗora mata *de-* a gaba sai ta zama *denuntiare*, wato isar da saƙo a hukumance, ta hanyar da wanda aka faɗa wa ba zai iya cewa bai ji ba. Da ita Rumawa ke kai wa mai shaida sammaci. Da ita ake sanar da abokin shari'a cewa an shigar da ƙara a kansa. Da ita ma ake shelanta yaƙi. Babu fushi ko la'anta a cikin asalinta. Ki dubi sanƙira a ƙofar fada: ko ɗaurin aure ya shelanta ko hukunci, aikinsa dai ɗaya ne, ya ɗaga murya kowa ya ji, kuma maganar ta zama ta hukuma daga bakinsa. Wannan shi ne ginshiƙin kalmar, kuma duk ma'anonin da suka biyo baya suna ɗauke da shi: akwai mai faɗa, akwai jama'a ko hukumar da ake faɗa wa, kuma abin da aka faɗa ya zauna.

Saboda haka ba akasin *announce* ba ce. Wannan *de-* ɗin ba na korewa ba ne, na ƙarfafawa ne, kamar a ce a faɗi magana har ƙasa, a ajiye ta. *Announce*, *pronounce*, *renounce* da *enunciate* duk 'yan gida ɗaya ne da ita. Jakadan Fafaroma a kowace ƙasa, har da wanda ke Abuja, ana kiransa *nuncio*, kuma wannan ɗan aiken na farko ne bai canza sana'a ba. Sai dai masana tarihin kalmomi suna ganin cewa yawan kalmomin Turanci masu farawa da *de-* da ke nuna aibu, irin su *defame* da *degrade*, ya taimaka wajen jan *denounce* zuwa ɓangaren sharri. Kunnen Bature ya saba jin wannan gaɓar a wurin ƙasƙanci, sai ya riƙa jin ƙasƙanci har a inda babu shi.

Kalmar ba ta shiga Turanci kai tsaye daga Latin ba, ta Faransa ta bi. Bayan da mutanen Nomandi suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na kusan shekara ɗari uku. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Turanci. A cikin wannan zamanin ne, wajen farkon ƙarni na 14, tsohuwar kalmar Faransanci *denoncier* ta shigo ta zama *denounce*. Nan ne kuma amsar wani abu da ke rikitar da ɗalibai: me ya sa aikatau yake da *ou* amma sunan aikin, *denunciation*, ba shi da *o*? Domin aikatau ya bi ta bakin Faransawa ya lanƙwashe, shi kuwa sunan malamai ne suka ɗauko shi da siffarsa ta Latin. Haka yake a *pronounce* da *pronunciation*, da *renounce* da *renunciation*. Akwai *denouncement* ma a ƙamus, amma da wuya ki gan ta a jarida.

Ma'anar farko a Turanci ita ce shela kawai, kuma ta daɗe kafin ta mutu. A fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, a littafin Maimaitawar Shari'a sura ta 30, an sa wa Annabi Musa wannan kalmar inda yake gargaɗin Bani Isra'ila cewa in suka juya baya za su halaka. Ba tsine musu yake ba, sanar da su yake. Misalin da ya fi ba ni sha'awa yana cikin takardar shelar 'yancin kan Amurka ta 1776. Kusa da ƙarshenta akwai jimlar da ke cewa *the necessity, which denounces our Separation*. Mai karatu na yau zai ɗauka ana aibata rabuwa da Ingila ne, alhali takardar gaba ɗayanta neman rabuwar take. Abin da suke nufi shi ne larurar da ta shelanta rabuwar, ta wajabta ta. Duk wanda ya fassara wannan da "Allah wadai" ya kifar da takardar.

Yadda shela ta koma aibatawa ba wani abin mamaki ba ne in aka duba abubuwan da ake shelantawa da wannan kalmar. Ba haihuwa ba ce, ba biki ba. Coci ce ke shelanta cewa an kori wane daga cikin jama'ar masu bi, kada a ci da shi, kada a yi ciniki da shi. Sarki ne ke shelanta cewa wane ɗan tawaye ne. A tsohuwar dokar Sikotlan, in mutum ya ƙi biyan bashi bayan umarnin sarki, jami'in kotu kan je tsakiyar kasuwa ya busa ƙaho sau uku, ya shelanta shi a matsayin ɗan tawaye, kuma da wannan kalmar ake kiran aikin. Kalmar da ta shekara ɗaruruwa tana ɗaukar irin wannan kaya, dole warinsa ya kama ta. Zuwa ƙarni na 17 ta riga ta samu ma'anar da kika sani: mutum ya fito fili ya ce wannan abu ko wannan mutum mugu ne.

Amma kafin nan akwai wani reshe da ya tsiro, kuma shi ne ya fi duhu. Zan ɗan daɗe a kansa domin shi ne masu fassara suka fi tsallakewa.

A tsohuwar shari'ar Turai, in kana so a hukunta wani sai ka fito a matsayin mai ƙara, ka sa hannu, ka yarda cewa in ka kasa kawo hujja hukuncin da ka nema wa wani zai iya dawowa kanka. Wannan ya sa mutane ke jin tsoron kai ƙarar manya. A 1215, a babban taron coci na huɗu da aka yi a fadar Lateran da ke Rum ƙarƙashin Fafaroma Innocent na Uku, an tsara hanyoyi uku na gurfanar da mai laifi. Ɗaya ita ce waccan ƙarar mai haɗari. Ɗaya ita ce binciken da alƙali ke farawa da kansa in magana ta yi yawa a gari. Ta ukun ita ce *denunciatio*: ka fara yi wa mai laifin nasiha tsakaninku, in bai ji ba ka sanar da hukuma, ita ta ɗauki nauyin sauran. A rubuce manufar gyara ce. A aikace kuwa an buɗe ƙofar da mutum zai jefa wani cikin masifa shi ya koma gida ya yi barci. Zuwa ƙarshen ƙarni na 15 Turanci ya riga ya ba *denounce* wannan ma'anar: kai sunan wani gaban hukuma, tona masa asiri.

A birnin Venice na Italiya har yau ana iya ganin wasu fuskokin dutse a jikin bango, bakinsu a buɗe, waɗanda ake kira bakin zaki. A jikin wasu an sassaƙa *denontie secrete*, wato tonon asiri a ɓoye. Ta nan mutum ke zura takardar da ke ɗauke da sunan wanda yake zargi, ta faɗa cikin akwati. Hukumar birnin ba ta karɓar komai ido rufe, a ƙa'ida takardar da ba sa hannu ƙonawa ake yi sai in ta shafi tsaron ƙasa, amma dai ƙofar tana nan. A Faransa lokacin juyin juya hali, dokar 10 ga Yuni 1794 ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa ya tona asirin masu ƙulla makirci da zarar ya san su. A Jamus ta zamanin Hitler, masanin tarihi Robert Gellately ya bi fayilolin 'yan sandan ciki na Gestapo da suka tsira a garin Würzburg, ya nuna cewa shari'o'i da yawa ba 'yan leƙen asiri ne suka haƙo su ba. Maƙwabta ne da abokan aiki, wani lokaci har 'yan gida ɗaya, suka kai rahoto, sau da yawa don wata tsohuwar gaba da ba ta shafi siyasa ba. Shi ya sa a Jamusanci kalmar *denunzieren* ba ta da sauran mutunci, mai yin ta abin ƙyama ne. A Sifaniyanci kuwa *denuncia* ita ce rahoton da kowa ke kai wa 'yan sanda in an sace masa waya, ba aibu a ciki. Har ma a tsohuwar dokar haƙar ma'adinai ta Sifaniya da Meziko, wanda ya gano ma'adini yakan "denounce" ɗinsa, wato ya sanar da hukuma don a ba shi izinin haƙa, kuma wannan ma'anar ta shiga ƙamus na Turanci. Kin ga tushe ɗaya, kowane harshe ya ja shi inda tarihinsa ya kai shi.

Saboda haka in kika ga an rubuta cewa wani ya yi *denounce* ɗin maƙwabcinsa *to the police* ko *to the authorities*, wannan ƙaramar *to* ita ce alama. Ba tir ya yi da shi ba. Ya tona masa asiri, ya kai sunansa, ya cinna masa hukuma. Wannan sau da yawa a ɓoye ake yinsa, ke nan kishiyar fitowa fili ne, duk da kalmar ɗaya ce.

Ma'anar yau da kullum ba ta buƙatar dogon bayani tunda ita kika fi sani. Abin lura kawai shi ne tana neman masu sauraro. Mutum ba ya yin *denounce* a zuciyarsa ko a ɗakinsa. Jawabin da Nikita Khrushchev, shugaban jam'iyyar Kwaminis ta Tarayyar Sobiyet, ya yi ranar 25 ga Fabrairu 1956, inda ya fallasa ta'asar magabacinsa Stalin, a zaman sirri aka yi shi, ba 'yan jarida. Duk da haka littattafan tarihi na Turanci da wannan kalmar suke bayyana shi, domin a gaban babban taron jam'iyya ya yi, da bakin shugabanta. Wannan ya isa ya zama shela.

Sai kuma ta yarjejeniya, wadda ta haɗa ki da editanki. Turanci ya aro wannan ma'anar daga Faransanci a ƙarni na 19, lokacin da Faransanci ne harshen jakadanci a Turai. Kuma in kin duba, ita ce ta fi kusa da asalin Latin: sanarwa a hukumance cewa ƙasa za ta daina ɗaure kanta da wata yarjejeniya. Ba dole ne a yi fushi ba, ba dole a aibata kowa ba. Yawancin yarjejeniyoyi ma suna da sashe na musamman da ya bayyana yadda za a yi ta. Yarjejeniyar Vienna ta 1969, wadda ta tsara dokokin ƙulla yarjejeniya tsakanin ƙasashe, ta yi magana a sashe na 56 kan wadda ba ta tanadi hanyar fita ba, ta ce a inda fitar ta halatta sai an ba da sanarwar aƙalla wata goma sha biyu.

Misali mafi kyau shi ne na Tarayyar Sobiyet da Japan. Sun ƙulla yarjejeniyar kada ɗayansu ya shiga yaƙi da ɗaya a watan Afrilu 1941, ta shekara biyar, da sharaɗin cewa in babu wanda ya sanar da fita shekara ɗaya kafin wa'adi, za ta sabunta kanta. Ranar 5 ga Afrilu 1945 Molotov, ministan harkokin wajen Sobiyet, ya kira jakadan Japan ya sanar da shi fitar. A ƙa'ida yarjejeniyar tana da sauran shekara guda a raye, amma a watan Agusta Sobiyet ta shelanta yaƙi a kan Japan, kuma har yau Japanawa na kafa hujja da wannan tazarar. Nan za ki ga cewa ko "sokewa" ma wani lokaci ta yi ƙarfi, domin sanarwar daban, ranar da za ta fara aiki daban. Turkiyya ta sanar da fita daga yarjejeniyar Istanbul kan kare mata daga cin zarafi a Maris 2021, amma fitar ba ta tabbata ba sai 1 ga Yuli. A irin wannan "ta sanar da ficewarta" ya fi daidai. A batun Nijar kuwa, tunda sanarwar ta ce nan take, "ta soke" da editanki ya sa ya zauna. Ku da ke fassara labaran Sahel za ku riƙa cin karo da wannan ma'anar fiye da sauran masu fassara, domin labaran daga Faransanci suke tasowa. Mali ta yi wa yarjejeniyoyin tsaronta da Faransa haka a Mayu 2022, Nijar ma ta yi wa nata da Faransa haka a Agusta 2023.

Game da kalmomin da ke maƙwabtaka da *denounce* a ma'ana, a taƙaice. *Criticise* suka ce, tana iya zama mai laushi, tana iya zama tsakanin mutum biyu. *Condemn* daga bakin alƙali ta fito, tana ɗauke da yanke hukunci, kuma a labarai kusan ɗaya suke da *denounce*, sai dai ita ba ta tilasta a yi a bainar jama'a. *Censure* tsawatarwa ce ta majalisa ko hukuma, yawanci da ƙuri'a. *Decry* tana da nata tarihin mai daɗi, daga shelar da sarakunan Faransa ke sa a yi cewa wani kuɗi ya daina aiki ko darajarsa ta ragu, shi ya sa har yau take ɗauke da rage wa abu ƙima.

Wadda ta fi kawo matsala a Najeriya ita ce *renounce*. Sau da yawa za ki ga kanun jarida na cewa 'yan ƙungiyar asiri sun yi *denounce* ɗin zamansu mambobi. Abin da ake nufi shi ne sun tuba sun fita, kuma wannan *renounce* ce. Bambancin shi ne mutum na yin *renounce* ne da abin da yake nasa, kamar sarauta ko zama ɗan ƙasa ko aƙida, ya sake shi. *Denounce* kuwa ana yinta ga abin kowa, ko naka ko na wani. In kin ga irin wannan kanun, fassara abin da ya faru, kada ki bi kuskuren marubucin.

Su kansu masu harshen sukan yi gardama kan nauyinta. A muhawarar da Barack Obama da Hillary Clinton suka yi a Cleveland a Fabrairu 2008, lokacin da suke neman takarar shugabancin Amurka, an tambayi Obama kan goyon bayan da Louis Farrakhan, shugaban ƙungiyar Nation of Islam ta Amurka, ya nuna masa. Ya ce ya yi *denounce* ɗin kalaman mutumin kan Yahudawa. Clinton ta ce wannan bai isa ba, akwai bambanci tsakaninta da *reject*, wato ƙin karɓar goyon bayan. Obama ya ce shi bai ga bambanci ba, amma in tana ganin *reject* ta fi ƙarfi, to ya yi duka biyun. Ni ina ganin Clinton na da hujja ta fuskar harshe: kana iya aibata maganar mutum a fili ka kuma karɓi ƙuri'ar mutanensa.

A ɓangaren Hausa kuma, ina da ɗan ƙorafi kan yadda muka mai da "Allah wadai" ta zama hular kowane kai. Magana ce mai nauyi, da sunan Allah a cikinta, kuma ta fi dacewa da kisa, ko hari, ko babban zalunci. In ƙungiyar 'yan kasuwa ta yi *denounce* ɗin ƙarin haraji, "ta yi tir da shi" ko "ta fito fili ta soki matakin" ya wadatar. In aka ce an yi *denounce* ɗin wani *as a traitor*, wannan *as* tana nuna an laƙaba masa suna ne, sai ki ce "sun ayyana shi a matsayin maci amana" ko "sun kira shi maci amana a bainar jama'a".

Inda aikin ya fi wuya shi ne in abin da ya biyo bayan kalmar yarjejeniya ce, domin nan ma'anoni biyu na iya shiga. Ki fara duba wa ya yi. In jam'iyyar adawa ce, ko ƙungiyar ƙwadago, ko malaman addini, tir suka yi, domin ba su da ikon fitar da ƙasa daga komai. In gwamnatin da ta sa hannu ce, ki karanta gaba ki nemi alamu: an ambaci wasiƙa zuwa ga ɗaya ɓangaren, ko lambar wani sashe, ko wa'adi, ko ranar fara aiki? In akwai ɗaya daga ciki, fita ce. In babu, kuma labarin daga Faransanci aka juyo shi, ki nemi asalin sanarwar kafin ki miƙa wa mai karanta labarai.